Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Da Muhalli Na Jihar Katsina: Hayaƙin Da Matanmu Ke Shaƙa Da Abin Da Yake Zama A Cikin Mama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na haɗa ku a wasiƙa ɗaya ne da gangan, domin maganar da nake tafe da ita tana farawa ne a hurumin ɗayanku, wato bola da mahauta da bakin murhu, sannan ta ƙare a hurumin ɗayan, wato gadon asibiti. Ni tsohuwar malamar ilimin halittu ce, na shafe mafi yawan shekarun aikina ina koyar da 'yan mata a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, kuma abin da zan faɗa ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yayata, Allah ya jiƙanta, mai sana'ar waina ce. Tun ina 'yar firamare nake tashi da asuba in tarar ta riga ta hura wuta a wani ɗan ɗaki marar taga da ke kusa da zaure, kuma idan itacen ɗanye ne ko damina ta taɓa shi, sai ta naɗe leda ta cusa a ƙarƙashi don wutar ta kama da wuri. Bangon ɗakin nan da rufinsa sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, har idan mutum ya jingina sai rigarsa ta nuna. Da ƙullutu ya fito mata a mama, an ce iska ce, an ce daji ne da ba ya son allura, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, kafin a kai ta asibiti abin ya riga ya bazu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma babu likitan da zai iya ɗaukar cutar mace ɗaya ya rantse cewa ga abu guda da ya jawo ta. Amma bayan rasuwarta na koma kan littattafaina da wata tambaya da ban taɓa yi wa ɗalibaina ba: wannan baƙin da ya manne a bango, rabonsa da ya shiga ƙirjinta fa, ina ya tafi?

Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, sun nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin masu cutar sun haura 32,000 a shekarar, waɗanda suka rasu sun haura 16,000, kuma ita ce sankarar da ta fi kowace yawa a ƙasar nan. Duk watan Oktoba ana ɗaura jan kyalle mai haske, a yi tattaki, a gaya wa mata su riƙa duba kansu. Wannan aiki ne mai kyau, ni ma na sha shiga. Sai dai ban taɓa jin wanda ya ambaci hayaƙi a irin waɗannan tarurruka ba.

Duk abin da ya ƙone bai ƙone ƙurmus ba, itace ne ko kara ko gawayi ko taba ko taya ko man dizal ko kitsen nama, yana fitar da wani dangin sinadarai da masana ke kira haidirokabon masu zobba da yawa, saboda surarsu kamar zobba ne da aka liƙa gefe da gefe irin saƙar zuma. Sun fi ɗari, amma wanda aka fi sani a cikinsu shi ne benzopayirin, mai zobba 5. Sanin illarsu ya daɗe. A 1775 wani likitan tiyata a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa mazan da suka yi aikin share bututun hayaƙin gidaje tun suna yara suna yawan kamuwa da sankarar fatar maraina, ya kuma ɗora laifin a kan kunkunniya. A 1915 wasu masana biyu a Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka yi ta shafa kwaltar kwal a kunnen zomaye har sankara ta fito. A 1933 kuma masu bincike a Landan suka tace kimanin tan 2 na daskararriyar kwalta har suka ware benzopayirin shi kaɗai, suka nuna yana cikin masu ɓarnar.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shekaru da yawa shi ne, wannan sinadari a karan kansa ba mai faɗa ba ne. Idan aka haɗa shi da DNA a kwalba, wato dogon rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, da kyar yake taɓa shi. Ashe jikin mutum ne da kansa yake wasa masa wuƙa. Dalili kuwa, benzopayirin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, jiki kuma ba ya iya fitar da abu ta fitsari ko maɗaci sai ya mayar da shi mai bin ruwa. Don haka idan sinadarin ya shiga ƙwayar halitta, akwai wani furotin mai tsaron ƙofa da ake kira AhR da ke kama shi ya shiga da shi tsakiyar ƙwayar, ya ba da umarnin a ƙera wasu ma'aikata, wato inzayim, musamman guda biyu da ake kira CYP1A1 da CYP1B1. Aikinsu shi ne su liƙa wa baƙon iskar oksijin don a samu marikin da za a ja shi waje. Mafi yawan lokaci hakan ke faruwa: wasu inzayim ɗin na daban su ɗaura masa wani sinadarin jiki mai suna gulutatayon ko wani nau'in sukari, ya narke, ya fita, shi ke nan.

Amma akwai wata ɓarauniyar hanya mai zango uku. A zangon farko CYP ya liƙa oksijin a wani gefe na zobban. A na biyu wani inzayim ya ƙara masa ruwa ya buɗe wurin. A na uku CYP ya dawo ya sake liƙa wani oksijin a kusa da wani lungu da ke jikin sinadarin. Abin da ke fitowa daga nan, wanda ake taƙaita sunansa da BPDE, shi ne mugun. A 1974 ne Peter Sims da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa shi ne ke manne wa DNA. Rubutun gadon nan da haruffa 4 kacal aka yi shi, A da C da G da T, an jera su kusan biliyan 3, kuma BPDE ya fi son harafin G. Ku ɗauka ɗigon kwalta ne ya faɗa kan harafi a allon da za a kwafa. Jiki yana da masu gyara da ke bin layi suna yanke wurin da ya ɓaci, haruffa kamar 30 a lokaci guda, su sake rubutawa. Idan kuwa ƙwayar ta rabu biyu kafin masu gyara su iso, mai kwafa yakan karanta harafin ba daidai ba, inda G take sai T ta zauna. Na kan gaya wa ɗalibaina cewa haka "gari" ke komawa "tari", "gafiya" ta koma "tafiya". A mafi yawan wurare kuskuren ba ya cutarwa. Amma idan ya faɗa cikin ayar da ke hana ƙwaya hayayyafa barkatai, kamar wadda ake kira p53, to an cire wa doki linzami. A 1996 wasu masana a Amurka suka nuna cewa wuraren da BPDE ya fi mannewa a p53 su ne ainihin wuraren da ake tarar da kuskure a sankarar huhun masu shan taba.

Ranku ya daɗe, da a hanta da huhu kawai ake wannan aiki, da ban dame ku da maganar mama ba. Mama gaɓa ce mai kitse da yawa, kuma siraran hanyoyin da ruwan nono ke bi suna kwance ne a tsakiyar kitsen nan kamar jijiyoyin bishiya a cikin ƙasa. Sinadarin da ke son maiƙo, idan jini ya kawo shi, ya sami masauki a maƙwabtan waɗannan hanyoyi, kuma daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyoyin da 'yan jakunkunan da ke ƙarshensu ne mafi yawan sankarar mama ke tasowa. A 1981 Martha Stampfer da Jack Bartley da abokan aikinsu a Bakili ta jihar Kalifoniya suka raini irin waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji, waɗanda aka samo daga lafiyayyun matan da aka yi wa tiyatar rage girman mama, suka zuba musu benzopayirin. Ƙwayoyin suka sarrafa shi da kansu ba tare da taimakon hanta ba, suka bi zangon nan uku, aka kuma tarar da BPDE manne a DNA ɗinsu, fiye da yadda aka gani a ƙwayoyin da ke riƙe da tsokar gefensu. A 1985 masanan biyu suka ba da rahoton cewa kaɗan daga cikin ƙwayoyin da aka yi wa haka sun daina tsufa, suna ta rabuwa ba iyaka, wanda yake ɗaya ne daga matakan farko na zama sankara. Akwai kuma wani ƙarin abu da ya keɓanci mata: shi CYP1B1 ɗin nan yana sarrafa istirojin, sinadarin mace da ke sa ƙwayoyin mama rabuwa, yana mayar da wani kasonsa zuwa wani abu da shi ma ke iya taɓa DNA.

Mutane sun bambanta a wannan fage, shi ya sa mata biyu za su yi shekara 30 a bakin murhu ɗaya, ɗaya ta kamu, ɗaya ta ga jikokin jikokinta. Wata jikinta na saurin kunna inzayim masu wasa wuƙa, wata kuma masu kwashe dattin ne suka fi ƙarfi a jikinta. Akwai ma waɗanda aka haifa ba su da ɗaya daga cikin masu kwashewar, wanda ake kira GSTM1, kwata-kwata. Babu mai zaɓen gadonsa. Yawan hayaƙin da ke shiga shi ne ɓangaren da ke hannun mutane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na wadda ta rayu cikin 'yan mata, shi ne batun shekaru. A 1961 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya nuna cewa idan aka ba macen ɓera wani ɗan'uwan benzopayirin mai suna DMBA sau ɗaya tak, tana da kwana 50 zuwa 65 a duniya, wato daidai lokacin balagarta, kusan dukkansu sankarar mama ke kama su, alhali idan ɓerayen sun manyanta, ko sun riga sun haihu, abin yana raguwa ƙwarai. Daga baya Jose Russo da Irma Russo suka yi bayanin dalili: tsakanin balaga da cikin fari ƙwayoyin mama suna kan rabuwa da sauri kuma ba su gama nuna ba, don haka kuskure ya fi saurin zama daram kafin a gyara. Ɓera ba mutum ba ne, amma tsarin girman mama a nan yana da kama. To ku duba wa muke turawa hura wuta a gidajenmu. Wa ke durƙusawa tana busa murhu da baki har idonta ya yi ja? Wa ke zama gefen kaskon awara da ƙosai daga la'asar zuwa isha? Yarinya ce 'yar shekara 11 zuwa 16.

Wajibi ne in auna maganata, kada a ce tsohuwa ta zo da tsoratarwa. Hujjar da ke kan huhu ita ce mafi ƙarfi. Cibiyar Liyon ta sanya benzopayirin da hayaƙin dizal da hayaƙin kwal na cikin gida a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta sanya hayaƙin itace a rukunin da ke biye, wato waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. A kan mama kuwa, babban binciken da aka yi a Long Island ta jihar Niyok, wanda aka buga a 2002, ya sami ƙarin haɗari matsakaici ga matan da aka fi samun waɗannan sinadarai manne a DNA na jininsu. Shekaru da gado da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada da barasa duk suna da nasu kason, haihuwa da shayarwa kuma suna karewa: wani nazari na 2002 da ya tattara bincike daga ƙasashe 30 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Don haka kada kowa ya fahimci wasiƙar nan a matsayin kira ga barin shayarwa. Sai dai matan da aka yi wancan bincike a kansu da gas da lantarki suke girki, hayaƙin da suke gamuwa da shi bai kama ƙafar na mai tuyar ƙuli-ƙuli a Katsina ko mai dafa abincin biki a Daura ba. Ko da ma an ajiye batun mama gefe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020 ta hanyar cututtukan huhu da zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk matakin da kuka ɗauka ba zai tashi a banza ba.

Roƙona na farko a kan babbaka da taya ne. Duk mai fita da sassafe ya san baƙin hayaƙin da ke turnuƙewa daga wasu wuraren da ake babbake kai da ƙafa da ganda. Taya tana ɗauke da waɗannan sinadarai tun daga masana'anta, har Tarayyar Turai ta taƙaita man da ake haɗa ta da shi tun daga Janairun 2010, idan kuma aka cinna mata wuta sai ta ƙara haifar da wasu. Kaso ɗaya ya bi iska zuwa gidajen maƙwabta, kaso ɗaya ya manne a fatar da za ta shiga tukunyar miya. Ba na goyon bayan a aika jami'ai su watsa kayan mutane, domin mai babbaka talaka ne da ya ga taya ta fi itace araha, kuma shi ne ma farkon wanda hayaƙin ke ci. A zauna da Sarkin Fawa da shugabannin mahauta, gwamnati ta kafa wurin babbaka da wutar gas a manyan mayanka, a yi musu sauƙin kuɗi, a sanya wa'adi, bayan wa'adin nan sai doka ta hau kan wanda ya ƙi. A wannan zama ma ana iya tuna wa masu tsire cewa tukubar gargajiya, inda ake kafa tsinke a kewaye da wuta, ta fi ragar da ake ɗora nama a saman garwashi, domin kitsen da ke ɗiga kan garwashi shi ne ke tashi da hayaƙin da ke komawa jikin naman. Tun 1964 aka gano benzopayirin a naman da aka gasa a kan gawayi, Turai kuma ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 2, wato kashi 2 cikin miliyan na giram, a kilo ɗaya na naman da aka yi wa banda.

Sai bola. Mutane ba don sha'awa suke cinna mata wuta ba, sai don ta cika ta toshe hanya. Inda motar kwasar shara ke zuwa a kan lokaci, ba a ganin hayaƙi. Ina roƙon a fara da bololin da ke jikin makarantu da asibitoci da kasuwanni, a kuma dawo wa duba-gari da martabar da muka san su da ita muna yara.

Amma wurin da ya fi sauƙi, wanda ba ya buƙatar rarrashin kowa, shi ne ɗakunan girki na makarantun kwana na 'yan mata, tunda na gwamnati ne. Na yi aiki a wata inda masu dafa abinci ke wuni cikin hayaƙi a ɗaki mai ƙaramar taga, ɗalibai masu aikin ranar kuma suna shiga suna fita, ɗakin kwanansu ma ba nisa. Murhu mai bututun fitar da hayaƙi, ko gas inda hali ya yi, da buɗe saman bango don iska ta ratsa, ba kuɗin da zai gagari jiha mai ƙananan hukumomi 34 ba ne. Ku haɗa kai da takwaranku na ilimi a kan wannan. Yarinyar da ta ga irin wannan murhu a makaranta ita ce za ta nemi irinsa a ɗakin aurenta.

Ga Ma'aikatar Lafiya musamman, ranar awo dama ce da ake bari tana wucewa. Ma'aikaciyar jinya da ke bayani a kan gidan sauro da allurar rigakafi za ta iya ƙara magana uku cikin minti biyu: kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, a bar itace ya bushe, a yi girki a fili ko inda iska ke wucewa. A haɗa da batun wankan jego, inda ake kwana 40 ana dafa ruwa da itace safe da yamma, sau da yawa mai jego da jaririnta suna kusa, da kuma kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Ba a ce a bar al'ada ba, a nisanta murhun daga ɗaki kawai. Masu wa'azi a makarantun Islamiyya na matan aure za su ɗauki wannan saƙo da hannu biyu idan aka kai musu shi cikin harshen da suke ji.

A ƙarshe, muna buƙatar alƙaluman kanmu. Akwai wani sinadari da ake aunawa a fitsari, mai suna haidiroksipayirin, wanda masana a duniya ke amfani da shi don sanin yawan irin wannan hayaƙi da ya shiga jikin mutum a 'yan kwanakin da suka gabata. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina. A ba malamansu da ɗalibansu tallafi su auna masu waina da masu ƙuli-ƙuli da masu babbaka da masu dafa abincin makarantu, su kwatanta da masu girki da gas, su sake aunawa bayan an canza murhu. Sannan duk macen da aka gano tana da sankarar mama a asibitocin jiha, a ƙara tambaya biyu a katinta: mece ce sana'arki, da me kike girki kuma tun yaushe? Ba a yi wa yayata waɗannan tambayoyi ba, kuma da an yi, da amsarta ta cika layin.

Idan ɗayanku yana son ganin abin da nake nufi da idonsa, ɗakin wainar nan yana nan ba a rushe shi ba, 'yarta ce ke amfani da shi yanzu, da tata 'yar mai shekara 12 da ke taya ta hura wuta kafin ta tafi makaranta. Ana fara aiki da an idar da sallar asuba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar ilimin halittu,
Ƙofar Marusa, Katsina.